Waƙar da Ɗelu Ta Saukar

Sri Petaling, Kuala Lumpur
Janairu

Zuwa ga Kawu Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maƙwabcinka Baba Nahum da duk mutanen layin 'yan reluwe. Yaya ƙafa, yaya kuma kunnen? Na san kiran waya ya zame maka wahala tun da ji ya yi rauni, shi ya sa na nemi takarda da biro kamar 'yar firamare. Abdulbaƙi ne zai kawo maka, ɗalibi ne a nan, ɗan Zariya, zai je gida aikin bincikensa. Na haɗo maka da man zafi, a riƙa shafa wa gwiwa.

Mu lafiya lau. Baban Zuhra ya gama nasa karatun tun bara ya koma bakin aiki a Kano, saura ni da yarinya a saman bene. Nawa karatun yana jan ƙafa. Da la'asar ruwa zai sauko, in tsaya a taga ina kallon jirgin cikin gari yana wucewa, har magariba ba wanda zai turo ƙofa ya ce ina mutanen gidan. Kaɗaici ya dame ni, Kawu, ba zan ɓoye maka ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san waƙar nan ta Inna, wadda take sa mu barci da ita: "Yi barci, Baba na cikin jirgi, jirgi na kan hanya, hanya ta san gida." Zuhra tana da shekara biyu muka zo ƙasar nan, yanzu ta shiga bakwai. In na yi mata Hausa, da Turanci take ba ni amsa, ko ta ce mini "boleh", wato "to" irin na 'yan Malay. Hausar da take fita daga bakinta kaf duniya ita ce waƙar nan. Na faɗa mata waƙar kakanninmu ce, daga ƙauyen su Kaka ta fito, don ni ma haka na ɗauka. Makarantarsu za ta yi ranar al'adu a watan Yuli, har na je na sa sunanta, na cika wa malamar kiɗa baki cewa za su ji tsohuwar waƙar Hausa.

Ranar Asabar muka je Sentul wajen Comfort, wata 'yar Filato da take yi wa Zuhra kitso. Da aka gama muka shiga wani ɗan shagon abinci. Mai shagon dattijo ne Ba'indiye, yana da tsohon garmaho a kan kanta. Ina cikin yaga burodi sai Zuhra ta miƙe tsaye ta ce, "Mummy, Kaka's song lah!" Na kasa kunne. Ita ce, Kawu. Wani namiji ne yake rera ta da harshen Malay, da jita da ganguna. Dattijon ya ce faifan na babansa ne, wanda ya yi aiki a garejin jiragen ƙasa na unguwar, kuma asalin waƙar ta Amurka ce. Na dawo gida na bincika a intanet, na same ta da Turanci, da muryoyi iri-iri har na gaji da ƙirgawa.

Ji na yi kamar an shiga ɗakin Inna an kwashe kayanta. Ka san ban samu zuwa jana'izarta ba, ko ɗankwalinta ban tsira da shi ba. Wannan waƙar ce kaɗai na riƙe. Kai ne ka rage a cikin waɗanda suka tashi tare da ita, kuma an ce ka taɓa kiɗa da ƙuruciya. Don Allah ka faɗa mini, ta yaya waƙar Amurka ta shiga bakin Inna?

'Yarka,
Rabi

Sabon Gari, Zariya
Fabrairu

Rabi 'yata,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, da man zafin, Allah ya yi albarka. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa, na dama ya yi ritaya tuni, na hagu ma yana haɗa kayansa. Ni da Nahum kullum muna kan benci a ƙofar gida muna yi wa juna ihu, ba mai jin wani, amma hira tana daɗi. Ki gaishe mini da amaryata Zuhra, ki ce mata in ba ta koyi Hausa ba zan yi mata saki ɗaya.

Wasiƙarki ta ba ni dariya har Nahum ya zaci aljanu ne suka taɓa ni. Waƙar kakanni! Rabi, mutanen ƙauyen kakarki waƙar niƙa suka sani da ta daɓe. Zauna in ba ki tarihi, don kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Irin kiɗan nan shi ake kira rhythm and blues. Wadda ta fara rera waƙar wata baƙar fata ce a kudancin Amurka, tun kafin mu samu 'yancin kai. A coci ta koyi waƙa. Da fiyano da ƙaho ɗaya aka yi mata kiɗan, a hankali, kamar mai tafiya da tulu a ka. Labarin wata mata ce da take share ƙofar gida kowace safiya tana jiran mijinta da ya tafi neman aiki bai dawo ba. Faifan bai yi kasuwa ba. Sai wasu samarin Turawa masu kwantaccen gashi suka ɗauka suka ƙara mata gudu, ita ce gidajen rediyo suka kama, har mutane suka ɗauka tasu ce. Daga nan 'yan Jamaika suka ja ta da irin nasu salon, 'yan Gana suka zuba mata ƙahonni suka mai da ita ta rawa. Ta 'yan Malay ɗin nan ban san da ita ba sai a bakinki, amma ban yi mamaki ba. Inda duk layin dogo ya bi, faifai ya bi.

Mu ta Gana ce ta fara zuwa mana. Wani direban jirgi ne ya kawo faifan daga Ikko, daga baya muka samo na asalin a wajen wani malamin kwaleji. A lokacin muna da 'yar ƙungiyarmu a kulob ɗin ma'aikatan reluwe, ni a jita, Nahum a ganguna, marigayi Meshach a waƙa. Shi Meshach ne mai Turanci a cikinmu, shi yake karanta mana abin da aka rubuta a bayan kwalin faifai. Da rana muna ƙarƙashin inji cikin baƙin mai, ranar Asabar mu yi wanka mu sa farar riga, ka rantse wasu ne daban.

A ɗakina muke gwaji, katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan su Ɗelu, Innarki. To, ta kan katangar nan ɓarauniyar uwarki ta sace mana waƙa, ta liƙa mata jirgin da babanta yake ja, ta tafi da ita gidan miji ba ko sallama. Kin ji asalin waƙar kakanninki.

Walida matar Malam Najib ce za ta taho miki da wannan, ga ta nan tsaye a kaina, mota na jiranta. Dole in ajiye biro. Na sa miki kilishi da ɗan yaji.

Kawunki,
Kalilu

Sri Petaling
Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, yaya ibada? Allah ya karɓa mana. Saƙo ya iso, an gode. Mu ma muna nan. Da yamma mukan je kasuwar titin Jalan Masjid India mu sayo abin buɗa-baki a leda, mu dawo mu sha ruwa ni da yarinya, ita ma ba azumin take yi ba, taya ni zama take.

Na gode da tarihi. Na ga ya ba ka dariya. Ni ban yi ba. Ban san Inna da sata ba, kuma ban zaci a bakinka zan ji an kira ta da wannan suna tana kabari ba. Amma tunda kai ka ce haka, kai ka sani.

Na je makaranta na ce a cire sunan Zuhra daga masu waƙa. Za ta ɗaura atamfa ta wuce ta gaban mutane kamar sauran yara, shi ke nan. Ba zan tsayar da 'yata a gaban 'yan Malay da 'yan China ta rera musu abin da yake cikin garmahon shagon abinci in ce namu ne ba. A gida ma na daina yin ta. Da ta nema, na ce mata na yi kuskure, ba tamu ba ce. Sai ta tambaye ni da Turanci, to mene ne namu? Na ce ta je ta wanke baki.

Yanzu gidan shiru, ko wannan 'yar Hausar ma babu. Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba.

Rabi

Sabon Gari, Zariya
Mayu

Rabi,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa, ko da yake Sallah ta daɗe da wucewa. Wasiƙarki sai makon jiya ta iso hannuna, wanda kika ba shi Yola ya fara wucewa da ita. Lafiyata ƙalau, sai dai Nahum ya rasu bayan Ista. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Na raka shi har maƙabartarsu. Yanzu ni kaɗai ne a kan benci, kuma kunnen hagun ya bi ɗan'uwansa. In an yi mini magana bakin mutum nake kallo.

Na karanta takardarki na ajiye, na sake ɗauka. Rabi, zaman ƙasar waje ya sa kin manta ko ni wane ne a wajen uwarki. Ɗelu taubashiyata ce. Tun muna yara ban taɓa kiranta da sunan kirki ba, ita ma haka. Ni ina ce mata ɓarauniya, ita tana ce mini kurman jita saboda ƙarar da nake yi, ga shi bakinta ya kama ni. Ranar da aka binne ta ma a zuci sai da na ce, ɓarauniya kin gudu kin bar ni. Ban san wata hanyar kewarta ba sai wannan. Abin da na manta shi ne ke 'ya ce, ba abokiyar wasa ba, kuma kina can ke kaɗai ba mai fassara miki ni.

Yanzu ga ragowar labarin da Walida ta hana ni ƙarasawa. Kin ce kin samu waƙar da muryoyi iri-iri. Koma ki saurare su duka, ki bar farkon, ƙarshen nake so ki ji. Baiti na ƙarshe kowa sama yake hawa da shi. Ba'amurkiyar ta hau kamar mai kuka, Turawan suka hau, 'yan Gana suka hau da ƙahonninsu. Nan ne mawaƙi yake nuna shi ma ya isa. Meshach in ya zo wurin har jijiyar wuyansa tashi take.

A shekarun nan kakarki tana fama da jinya, kakanki kuwa in ya ja jirgi layin Nguru sai ya yi kwanaki. Ɗelu ce mai gidan, ita ce girki, ita ce goyon ƙaninta Ubale, yaro mai rigimar tsiya. Da waƙarmu take lallashinsa, amma duk sanda ta hau sama a ƙarshe sai ya farka ya tsala ihu. Sai ta daina hawa. Ta riƙa sauka da ita, kaɗan-kaɗan, har "hanya ta san gida" ta koma kusan raɗa. Ina leƙenta ta kan katanga, haɓa a ƙirji, hannu ɗaya a baya tana bubbuga goyon.

Wata rana da hantsi muna gwaji, Meshach ya ja numfashi zai hau, sai muka ji murya daga bayan katanga tana sauka. Nahum ya ajiye sandunansa. Ni ma na ɗauke hannu daga jita. Daga ranar, da saukar Ɗelu muke rufe kiɗa a kulob. In mun gama ba a tafi, mutane kawai su miƙe su ɗauki hulunansu su nufi gida, mashaya ma ba hayaniya. Ita ba ta taɓa taka ƙofar kulob ɗin ba, kuma da na faɗa mata cewa ta yi ƙarya nake.

Ba mu taɓa yin faifai ba. Meshach ya tafi, Nahum ya tafi, ni kuma ko na ɗauki jita ban san abin da yake fita ba. Duk duniya bakin mutum biyu ya rage da wannan saukar, ke da yarinyar nan, kuma kin ce kun yi shiru.

Atamfar da za ki ɗaura mata, a ƙauyen kakarki aka saƙa ta? Yadi daga ko'ina yake zuwa, ɗinkin ake tambaya na wa. Ba zan ce ki yi ko kada ki yi ba, 'yarki ce. Amma ki saurari ƙarshen tukuna.

Kawunki kurman jita,
Kalilu

Sri Petaling
Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina yi maka ta'aziyyar Baba Nahum, Allah ya ba ka haƙuri da iyalansa. Na tuna yadda yake ba mu alewa in mun zo hutu. Ka yafe mini wancan rubutun, zafin zuciya ne da rashin abokin shawara. Muna lafiya, Baban Zuhra ma ya ce a gaishe ka.

Na saurare su, Kawu. Na ajiye karatuna na wuni ina bi ɗaya bayan ɗaya. Har Sentul na koma na roƙi dattijon nan ya sake sa mini faifan babansa. Kowa hawa yake. Ni tun da nake ban taɓa lura ba, don kunnena da na Inna ya saba, da an zo ƙarshe sai in ji kamar su ne suka yi kuskure. Na yi kuka a shagon mutane, dattijon ya rasa abin yi sai ya kawo mini shayi.

Na koma wajen malamar kiɗa da kunyata na faɗa mata gaskiya. Ashe ta san waƙar, babanta yana rera ta Malay ɗin. Ta yi murna, ta ce za ta raka Zuhra da fiyano. Ranar gwaji ina zaune a bayan aji. Komai ya tafi daidai har baitin ƙarshe, malama ta hau sama da fiyanonta yadda ta sani. Zuhra ta yi tsit. Aka sake, ta sake yin tsit. Malama ta tambaye ta ko ta manta ne. Yarinyar nan ba ta son ta gyara wa malamarta a gaban yara, ga shi duk harshen da ta iya malama tana ji. Sai ta juyo wajena ta ce, "Mama, ki faɗa mata ba haka ba ne. Ƙasa ake yi."

Da Hausa, Kawu. Tiryan-tiryan, ba gargada. Ashe duk shekarun nan tana ji, ajiyewa take. Sai da ta maimaita sannan na tashi na je wajen malama.

Ranar taron ni na gabatar da ita. Na ce waƙar daga Amurka ta taso, ta bi ta Gana, ta shiga Zariya a jirgin ƙasa, ta tsallake katanga, kuma ƙarshen da za su ji na mahaifiyata ne. Da aka zo wurin, malama ta ɗauke hannunta daga fiyano ta bar Zuhra ita kaɗai. Sai da aka ɗan jima kafin a tafa.

Kada ka ɗauka ta zama Bahaushiya a dare ɗaya. Jiya ma da na aike ta "boleh" ta ce mini. Amma yanzu in tana son faɗa mini abin da ba ta son kowa ya ji, ta san harshen da za ta nema.

Na ɗauki bidiyo, na tura wa Abdulbaƙi, zai zo har gida ya nuna maka. Na san ba za ka ji ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ko fuskarta ka gani.

'Yarka,
Rabi

Sabon Gari, Zariya
Agusta

Rabi 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, damina ta yi kyau, sai ɗakin baya da yake yoyo. Babu komai tsakaninmu, ban riƙe ki ba.

Abdulbaƙi ya zo. Bawan Allah ya ƙure ƙarar wayarsa har matan maƙwabta suka leƙo, ya manna mini a kunnen dama, ya mayar hagu. Ko ƙis. Na ce masa ya bar wahalar da kansa, ya riƙe mini a gabana kawai in sa tabarau.

Na ga amaryata, ta yi kyau, ɗaurin ɗankwalin ne dai sai a hankali. Ina bin bakinta ina ƙirga baitocin a zuci. Na ga lokacin da malamar ta ɗauke hannu. Sai na ga haɓar yarinyar nan tana sauka zuwa ƙirji, hannunta na hagu ya zagaya baya, tana bubbuga goyon da babu.

Ke ba ki lura ba, ko? Ba ta taɓa zama da Ɗelu da wayonta ba, a wajenki ta gani. In kin sake rerawa, ki duba inda hannunki yake.

Na sa Abdulbaƙi ya maimaita wurin har batirinsa ya mutu. Da ya tafi na daɗe a kan benci, gefen Nahum ba kowa, amma ranar ban ji zaman ya yi mini nauyi ba.

Ki dage ki gama karatun ki dawo mana. Ki ce wa Zuhra na fasa sakin. Kuma ki faɗa mata da Hausa, ba da Turanci ba, cewa na ji.

Kawunki,
Kalilu